Kyanwar Cikin Buhun Taki

A bakin kanal ɗin ban-ruwa na Bakolori na tsince ta, ɗaure cikin buhun taki, duk ta rame, kunne ɗaya a yage. Sati uku ina jinyarta da madara da guntayen nama har ta murmure.

Matata ba ta son kyanwa, sai na tuna gwaggona ta Morai mai kuka da ɓeraye. Na saka ta a kwali na ɗaura a babur, ina jin kaina kamar mai kai amarya.

Bayan doguwar gaisuwa na buɗe kwalin, ina ta tsine wa azzalumin da ya yar da ita. Kyanwar ta diro, ta nufi akurkin kaji ba tare da an nuna mata hanya ba.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ɗan nan, wagga ta cinye mini ƴan tsaki tara! Ni na sa Malam ya kai ta nesa!"

Malam, mijinta, yana gefena yana jan carbi.

Kyanwa dai tana gidana, matata ta haƙura. Amma har yau, in aka share tsakar gidan Gwaggo ina wurin, sai Malam ya ce, "Ku ɓoye sharar nan, kada ya maido muna."