Kwanon Gadon Haladu Wadinton

Wani mutum ne a Bukuru, Haladu mai gyaran agogo, da ya ishi gari da zancen wai shi jinin Turawan Ingila ne. Mutumin nan kuwa baƙi ne wuluk! In ka yi masa maganar fata sai ya ce, "Rana ce ta Najeriya. Da ka gan ni ina jariri, ja nake jawur."

Hujjarsa wani farin kwanon tangaran ne mai hannu ɗaya da ya gada wajen kakansa. A jikinsa akwai zaki biyu riƙe da garkuwa, a gindinsa an rubuta Wadinton. Shi ke nan fa, Haladu ya ce tambarin zuriyarsu ne, sunan kuma na kakan kakansa. Ya sa aka zana zakunan a ƙofar shago, aka ɗinka masa su a hula. Ka kira shi Haladu kawai, ko waiwayowa ba zai yi ba.

To, sai ya faɗa son wata bazawara, Hajiya Tabawa mai tuwo-tuwo. Son nan har ya rame. Ita kuwa ta ce sai kawunta Baba Mato ya amince, wani tsoho da ya shekara talatin yana aikin kuku a gidajen Turawan haƙar kuza.

Haladu ya ce, "Alhamdu lillahi! Wanda ya san Turawa ai shi zai san darajata."

Ranar Juma'a bayan masallaci ya gayyato tsohon da dattawa huɗu. Ya dama fura a kwanon gado, ta sha nono da sukari. Ya ɗaga da hannu biyu, ya kafa kai, ƙwat, ƙwat, ƙwat, sai da ya sha kusan rabi. Ya miƙa.

"Bismilla, Baba. A cikin wannan kakannina ke shan miya a Landan."

Baba Mato ya ja baya har da tabarma. Ya gyara tabarau, ya leƙa.

"Yaro, juyo min hannun nan. La'ilaha illallahu! Har ɓallin bakin yana nan."

Haladu ya washe baki, ya dubi dattawa. "Kun ji ko? Ya gane shi!"

"Yo ba dole ba? Fo ne. Na Manaja ne, Baturen da na yi wa kuku, a ƙarƙashin gado yake ajiye shi saboda fitsari. Wadinton ɗin nan sunan masu ƙera shi ne, har a jikin bahon wanka akwai."

Wani dattijo da ya riga ya miƙo hannu ya maida shi aljihu a hankali.

Haladu ya ce, "Baba, amma dai... gadon gidanmu ne."

"Wannan kam gaskiyarka. Ba kai ne jikan Ɗanjuma Dogo ba? Allah ya jiƙansa, mutumin kirki. Shekara goma sha biyu shi ke fitar da shi kowace safiya. Amma wallahi ko sau ɗaya ban ga ya kai shi baki ba."

Kai jama'a! Fura na ɗiga daga gashin bakin Haladu, ya rasa ta tofarwa ya rasa ta haɗiyewa.

Washegari Hajiya Tabawa ta aiko masa da sabon kwanon sha da sabulu guda biyu. Ta ce a gaishe mata da dangi na Ingila, aure kuwa ta fasa.