Rasuwar Hajiya Ƙanƙara, Mai Tsaron Hantar Ɓera

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda haushi ya ɗan gauraya da shi, Naja'atu Da'u Toranke, ɗalibar digiri na biyu, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda za su ji daɗi, rasuwar firizarta, Hajiya Ƙanƙara. Marigayiyar ta cika a ɗakin Inna Hanne bayan jinyar da ta samo asali ranar jajiberin Babbar Salla. A ranar ne Baffa Gwadabe ya ce a kwashe abin da ke cikinta domin naman bijimin da zai yanka, Naja'atu ta durƙusa kamar yadda aka koya mata, ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri, ba zan kwashe ba."

An san marigayiyar tun a Gaya, lokacin Malam Da'u, mahaifin Naja'atu, yana raye yana koyarwa. Shekaru ta yi tana daskarar da zoɓo da kunun aya da matarsa Inna Hanne ke sayarwa, kuma da wannan sanyin aka yi wa Naja'atu makaranta. Da mai gidan ya rasu aka ɗauko ta a bayan a-kori-kura zuwa Toranke, aka jona ta da wutar sola ta yayansa, wato Baffa. Ba ta da yawan magana. Iyakarta "zuuuu" a hankali, in ta gaji ta ce "ƙas" ta huta. Ba a taɓa jin ta ɗauki zancen wani ɗaki ta kai wani ba, abin da ba za a iya faɗa a kan wasu masu rai na gidan ba.

Sai a ƙarshen rayuwarta ta sami aikin da ya fi kowanne daraja. Naja'atu tana bincike ne a kan hanta, wadda in likita ya yanke fiye da rabinta, ragowar takan sake tofowa har ta cike gurbi. A makaranta ana yi wa fararen ɓeraye wannan tiyata, sannan a bi hantar da ke tofowa a ga yadda take tara kitse, a auna sinadaran da ke ƙera kitsen, waɗanda ake kira enzayim. Su kuwa ba sa shiri da ɗumi. In suka narke, an gama, babu sauran abin aunawa. Da firizar ɗakin gwaji ta lalace ana shirin hutun Salla, Naja'atu ta jera 'yan kwalabenta na daskararriyar hantar ɓera a kula, ta kawo wa Hajiya amana.

Baffa, wanda duk ranar layya shi ke fara kai gasasshiyar hanta baki, ya tsaya a bakin ƙofa ya toshe hanci. "Ashe abin da aka tura ki birni ki koyo ke nan, Dokta? Ɓeran da muke ɗana wa tarko a rumbu, ke shimfiɗar sanyi kike yi masa?" Ta yi masa bayani cewa ɗumin ɗanyen nama zai narkar da aikinta, kuma ba a haɗa abinci da kayan gwaji. Ya ce, "To, wutar dai tawa ce." Da hannunsa ya zare wayar, ya naɗe ta, ya tafi amsa gaisuwar mutane.

Daga nan jinya ta soma. Naja'atu ta lulluɓe marigayiyar da barguna, ta hana kowa ɗaga murfi, ta riƙa hawan acaɓa zuwa Gaya tana dawowa da ƙanƙara a buhu, ruwa na ɗiga a zaninta, matan gidan na leƙe suna dariya. Ta aro janareta wajen wani mai walda, wutarsa na hawa da sauka kamar numfashin mai asma. Hajiya ta daure. Sannan ta ce "gurr, gurr", ta yi tari, ƙauri ya tashi, ta yi tsit. Kamalu mai gyaran firij ya zo daga Gaya, ya kara kunne, ya cire hula ya ce kwamfiresa, wato injin sanyinta, ta ƙone.

Naman bijimin kuwa, an soya shi cikin kitsensa kamar yadda aka saba tun kafin a san sola a Toranke. Ko tsoka ɗaya ba ta lalace ba.

Marigayiyar ta bar Inna Hanne, wadda ta yi kuka a ɓoye, da kula mai tsagaggen murfi da ta ƙarasa da ragowar kwalaben zuwa makaranta a Kano, da waya guda da ke rataye a zauren Baffa ba ta aikin komai. Ta kuma bar dangi masu yawa waɗanda suka gano, bayan ta mutu, cewa tun farko su sun san haka za a yi.

Ba za a yi mata salla ba, domin ƙarfe ce. 'Yan gwangwan kada su wahalar da kansu. Baffa ya aiko a ba shi gawar ya zuba dusar awaki, an mayar masa da amsa irin ta farko. Za ta zauna inda ta cika, a wanke ta, a zuba littattafai. Ana karɓar ta'aziyya a ɗakin Inna Hanne bayan la'asar. Mai niyyar cewa "da kin bi maganar babba" ya yi zamansa a gida.

Fiye da rabin kwalaben sun narke. Naja'atu za ta sake tiyatar daga farko, abokan karatunta za su gama su bar ta. Inna Hanne ta daina sayar da zoɓo. Kullum da safe Naja'atu tana durƙusawa ta gai da Baffa, kuma har yau bai amsa ba.