Baƙon Nijar da Na Gano a Maigatari

Shekara biyu na yi ina nazarin ƙaura da cinikin kan iyaka. Don haka ranar da na kai shugabar bincikenmu kasuwar shanu ta Maigatari, na tabbatar mata cewa daga naɗin rawani kaɗai nake gane mutumin Nijar.

Na zaɓo wani dattijo zaune kan buzu, na durƙusa, na zuba masa ɗan Faransancin da na haddace a mota. Ya dube ni bai ce uffan ba. Na raɗa wa shugabar cewa haka baƙi suke, tsoron hukuma ne. Ta rubuta.

Sai na koma Hausa, ina jan kalmomi don ya fahimta: "Baba, yaushe ka tsallako ƙasarmu?"

Ya ce, "Da safen nan, daga Gagarawa. Kai ba ɗan Alhaji Sabo tela ba ne? Ni na raɗa maka suna."

Dillalan da ke gefe suka fashe da dariya har da riƙe ciki. Shugabar ta soke abin da ta rubuta a natse.

Har yau in na je gida Gagarawa gaisuwa, dattijon nan yakan tambaye ni ko an duba takarduna a hanya.