Baba Mai Makaranta

Ko na manta da komai na aikin koyarwa, ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis da na riƙe makirfo na kunyata kaina a gaban gari guda ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

A lokacin an ba ni hedimasta, aka tura ni wata firamare a wani ƙauye can bayan Bagwai. Ni ɗan unguwar Bacirawa ne, can wajen ganuwa, kuma ina jin kaina ɗan birni sosai (na san mutanen cikin ganuwa in suka ji haka dariya za su yi). Iyalina suna gida, sai Juma'a in hau babur in je in gan su, Lahadi da yamma in dawo. Ɗakina yana manne da ofis. Da an tashi, malamai su ja baburansu, yara su watse cikin gonaki, sai ya rage daga ni sai awaki. Ba wai garin babu mutane ba ne, gida na jingine da gida, gona na jingine da gona, amma kowa da nasa. Za a gaishe ni da ladabi, "Malam Hedimasta, an wuni lafiya?" sannan a wuce. Gaisuwar nan har tsoronta nake ji, don daga ita babu wani abu da zai biyo baya.

Mutum ɗaya ne ba ya wucewa. Wani tsoho ne dogo, siriri, da 'yar shara koɗaɗɗiya da hular da ta ga duniya. Ranar da na iso shi ya miƙo mini makullan ajujuwa a ɗaure da zaren buhu. Shi yake share fili kafin yara su zo, shi yake gyara dangar kara in awaki sun ɓarke ta, shi yake ba wa wasu 'yan darbejiyoyi da aka dasa a gaban ajujuwa ruwa. Kowa Baba Mai Makaranta yake ce masa. Ni kuwa da na karanta Hausa a kwaleji, har ina gyara wa mutane rubutu ba su roƙe ni ba, na ji "mai makaranta" sai na ɗauke shi kamar "mai shara" ko "mai gadi", wato mai yi mata aiki. Ban gan shi a jerin malamai ba, sai na yanke wa kaina hukuncin ƙaramar hukuma ce ta ɗauke shi gadi. Ban tambayi kowa ba. A ganina hedimasta ba ya tambaya, shi ake tambaya.

Har faɗa na taɓa yi masa. Wata safiya ya makara, na tsaya a ƙofar ofis ina nuna masa agogo.

"Baba, ƙarfe nawa yanzu?"

"Ka yi haƙuri, Malam, ƙafar ce ta tashi."

"To, in aka sake zan rubuta." (In rubuta wa wa? Allah kaɗai ya sani.)

Ya ce, "To, Malam," ya ɗauki tsintsiyarsa.

Amma da la'asar, in ya gama ban ruwa, sai ya zo mu zauna a benci ɗaya a gindin ofis. Zai zaro gyaɗa ko dafaffen rogo daga aljihu ya ajiye a tsakaninmu. Ni nake surutun: 'yata da take haƙora ban gani ba, takardar neman canjin wuri da na rubuta har sau uku, ɗakin da yake yi mini girma. Nasa bai wuce "Allah sarki" da "Haka ne" ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma tun azahar nake duban hanyar da zai ɓullo. Zaman nan shi ya riƙe ni a garin.

A shekara ta biyu aka kira mu taron bita a Bagwai, aka ja hankalinmu cewa iyaye da mutanen gari masu taimakon makaranta don Allah, a riƙa gode musu a bainar jama'a, don wasu su gani su yi koyi. Na dawo da zafina. Na sa aka bugo takardun yabo masu zanen ruwan zinare a gefe, guda goma da sunaye, ɗaya babu suna, ko za a yi kuskure. A jerin sunayen na sa kafintan da yake gyara mana bencina, da wata baiwar Allah da ta gama kwaleji take koyar da aji biyu kyauta, da Inna Ladi, wata dattijuwa daga unguwar Kiristoci da ke ƙetaren rafi, wadda kullum ita da surukanta suke cika mana randunan ruwan sha. Sauran kuwa, in faɗi gaskiya, babban aikinsu shi ne zuwa taro da manyan riguna.

Ranar taron ta zo a ƙarshen zango na biyu, cikin bazara. Tun safe Baba yake jidar bencina, ni ina tsaye ina nuna masa inda zai ajiye da yatsa. Dagaci ya zo, baƙo daga ofishin ilimi ya zo, maza gefe, mata gefe. Babbar rigata ta sha sitaci har tana ƙara in na motsa. Na yi jawabi mai tsawo a kan sa kai, har na ce al'ummar da ba ta san masu yi mata hidima ba ta yi asara. Wallahi da bakina na faɗa.

Inna Ladi ce ta ƙarshe. Ta karɓi takardarta, amma ba ta koma ta zauna ba. Ita irin matan nan ce da ba sa buƙatar makirfo.

"Malam Hedimasta, ta Baba Mai Makaranta fa? Ko tasa daban ce?"

Sai na yi dariya, a cikin makirfo kuma. Na ce, "Inna, yau ranar masu sa kai ce, ba ta ma'aikata ba. Shi Baba aikinsa yake yi, gwamnati ce ta ajiye shi. In muka ce har masu gadi za mu karrama, ai sai magariba ta same mu a nan."

Na tsaya ina jiran a taya ni dariya. Babu wanda ya taya ni. Lasifika kaɗai ke wani ɗan gunji. Malamaina duk suka sunkuyar da kai, baƙon ofishin ilimi ya shiga duba takalminsa.

Dagaci ya yi gyaran murya, bai ko tashi ba. "Malam, makarantar nan ba ta taɓa yin mai gadi ba. Inda kake tsayen nan gonar geronsa ce. Shi ya bayar aka gina, tun wasu malamanka ba a haife su ba. Shi ya sa muke ce masa Mai Makaranta."

Inna Ladi ta ƙara da nata, a hankali wannan karon. "Tun da mai ɗakinsa ta rasu, 'ya'yan suka tafi kudu, nan ɗin ne gidansa, ɗan nan."

Na waiga. Baba yana can bayan bencina a tsaye da bokiti a hannu, don ban bar masa wurin zama ba. Kansa a ƙasa, kai ka ce shi ya yi laifin.

Mai hankali da a nan zai ba da haƙuri ya zauna. Ni sai na ce bari in gyara. Na wawuro takardar nan da babu suna, na ce, "Ai dama tasa ta musamman ce." Na ɗora ta a tebur, na cire murfin biro, sai biron ya tsaya a iska. Shekara biyu ina cin gyaɗar mutumin nan, ya san sunan 'yata da na matata da na unguwarmu, ni ban san sunansa ba. Na karkata wajen malamin da ke kusa da ni na raɗa masa, "Ya sunansa ma?" Na manta makirfo yana hannuna na hagu, a kunne. Raɗar nan ta fita ta lasifika, na tabbata har waɗanda suke ƙetaren rafi sun ji. Malamin ma ashe bai sani ba. Ko da na ɗago, Baba ya ajiye bokitin ya fice ta ƙofar dangar da shi ya ɗaure ta.

Washegari aka ba da hutu. Ban iya tafiya gida ba, na ce wa matata aiki ya yi yawa. Kwana shida Baba bai leƙo ba. Da la'asar sai in zauna a bencin ni kaɗai, in bar masa gefensa kamar wani mahaukaci. Na sha kaɗaici a garin nan, amma wannan ya fi ciwo, don ni na jawo shi da bakina, kuma ina tsoron ya tafi ke nan. Darbejiyoyin suka fara lanƙwasa, sai na ɗauki bokitin. A ranar na san nisan famfon tuƙa-tuƙa daga makaranta, kuma na san cewa mai ciwon ƙafa ne yake yin sawu takwas kullum.

Rana ta bakwai na tambayi gidansa na je. Gidan ƙasa ne, tsit, ko kaza babu. Na same shi a zaure yana ɓare gyaɗa. Na cire takalmi na durƙusa.

"Baba, na zo neman gafara."

"Ba ka yi mini komai ba, Malam. Zauna."

Na zauna. Ya ci gaba da ɓara, yana magana.

"Takarda ba ta dame ni ba, ni ba boko na yi ba. Abin da na yi ta juyawa a raina shi ne, zaman da muke yi da la'asar, ashe kai a ganinka bakin aiki nake."

Da ƙyar na ce, "Wallahi Baba, duk wuni shi kaɗai nake jira." Ban taɓa yin jawabi mai gajarta haka ba, kuma shi ne na gaskiyar.

Sannan na zaro takardar, duk ta yamutse, na roƙe shi sunansa. Ya yi 'yar dariya.

"Sa'idu." Ya faɗe shi a hankali, kamar yana tuna inda ya ajiye shi. "Rabon da in ji shi a bakin mutum tun rasuwar innata. Mai ɗakina har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗa ba, ka san kunyar matan da. Sa'o'ina kuma duk sun riga ni."

Na rubuta. Ya karɓa, ya duba ta a juye, ya soke ta a jikin azara. Sai ya turo mini kwanon gyaɗar.

"Wa yake ba itatuwan ruwa?"

"Ni ne, Baba."

"Haka Ladi ta ce. Wai da tsakar rana kake ba su. Dafa su za ka yi, Malam."

Washegari ya dawo. Ya makara sosai, ni kuwa agogona yana cikin aljihu.

Bayan shekara uku canjin wurin da na daɗe ina nema ya fito, kuma da ya fito ban yi murnar da na zata ba. Baba ya rasu bayan na bar garin. An ce darbejiyoyin yanzu aji guda yake zama a inuwarsu. Ni ma ban taɓa iya kiransa da sunansa ba yana raye, bakina ya yi nauyi, amma in zan yi masa addu'a da sunan nake yi, a fili, don ya samu mai faɗa.

Yanzu duk inda na ji an ce wane mai abu kaza ne, sai na tambaya: mai yi ne ko mai shi? Kuma ga shawara kyauta ga 'yan'uwana hedimastoci. Kafin ka karrama mutum, ka san sunansa. In kuwa ka makara kamar ni, to kafin ka tambaya, ka kashe makirfo.