Tafiyar Wakilin Makafi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo sabunta mini wakilci ba, ko da kuwa na manta sunan kakana.

Nasara ba su daɗe da zuwa ba, hakiminmu na Illela ya tara makafi a wani dogon zaure bayan gari, suna haddar Alƙur'ani da ka, suna tuƙar igiya. Ni aka naɗa wakilinsu, in leƙa duk Juma'a in kai wa hakimi labari. Rawanin ya yi mini kyau, har dalilinsa aka ba ni mata.

Matsalar ita ce tsoronsu nake ji. Ranar farko ina doso ƙofa, ban ko yi sallama ba, karatu ya ɗauke ɗif. Fuskoki kusan talatin suka juyo gare ni a tare, fararen idanu a buɗe, hannuwa kuma ba su fasa murza igiya ba. Nan take na juya, ban shiga ba.

Sai na ƙirƙiro dabara (a lokacin har yaba wa kaina na yi). Duk Juma'a in tuɓe takalma in saƙale a hammata, in bi bayan zauren da sanɗa, in leƙa ta taga, in je in ce lafiya lau suke. Ai makaho bai san ana kallonsa ba. Abu ɗaya ke damuna: duk sa'ad da na leƙa, shiru nake tararwa, sai ƙarar igiya.

Shekara ta kewayo, hakimi ya zo zauren da fadawansa da wani Bature mai rangadi, surukina ma yana cikin 'yan kallo. Hakimi ya ce ba a sabunta wakili sai makafi sun shaida shi. Malaminsu, wani tsoho ɗan Tozai, ya ce su da sawu suke sanin mutum, in yi tafiya su ji.

Na gyara rawani, na taka ƙwas-ƙwas kamar basarake. Ba wanda ya motsa.

"Ranka shi daɗe, wanga ba shi na ba," in ji tsohon. "Namu bisa yatsu shika tahiya, takalma cikin hammata."

Hakimi ya dube ni. Ko in yi, ko rawani ya tafi. Haka na sunkuya na tuɓe, na saƙale su, na ratsa fili da sanɗa kamar ɓarawon kaji, da rana tsaka. Baturen ya tambayi tafinta ko wata al'ada ce. Ina kaiwa daidai tagar, fuskokin nan suka juyo a tare.

"Shi na," tsohon ya ce. "A bar muna shi. Ladabi garai, ba shi son katse muna karatu."

Aka shafa Fatiha. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Da mutane suka watse, tsohon ya laluba ya kama hannuna, ya ɗora shi kan wata sabuwar tabarma kusa da buzunsa.

"Ko wace Juma'a muna shimhiɗa ma ita, mu yi shiru ko ka yi sallama. Bana ka shigo, Wakili."

Tun ranar na koyi cewa in za ka yi wa mutum sanɗa, fara tambaya da me yake gani. Juma'ar da ta biyo, tun daga bakin hanya na rangaɗa sallama.