Yaƙin Malam Jatau da Jan-baki a Kan Rigar Kyaftin Barmo

Da sunan Wanda Ya ba doki kofato, Ya ba tsuntsu baki, Ya ba ɗan Adam abin da zai hana shi zama lafiya, muke buɗe wannan babi. Bayan haka, ga tarihin sadauki ɗan sadaukai, Malam Jatau mai gyaran rediyo, ɗan Arzika mai awon gishiri, ɗan Mamuda wanda masana suka tabbatar shi ne ya riƙa yanka wa dokin Kyaftin Barmo ciyawa, har dokin ya taɓa harbinsa a cinya, alfarmar da zuriyar take tinƙaho da ita har gobe. Jatau toron giwan bakin kasuwa, gagara-gasa, mai kwance rediyo ya ɗaura a sami ragowar kusoshi.

Shi Kyaftin Barmo, ga wanda bai sani ba, mashahurin hafsan rundunar dawaki ne da ya tsare iyakar arewa a zamanin da ɓarayin shanu suke cin karensu ba babbaka. Da ya rasu kayan sojansa suka watse cikin duniya, Malam Jatau kuwa ya yi alwashin sai ya tattaro su. Ya ƙwato hular daga hannun wani ɗan gwanjo, ya fanso ɗamarar daga ƙugun jaki, ya ceto takalmin hagu a wurin wata tsohuwa da take ajiyar daddawa a ciki, har yau in an shiga zaurensa sai a ɗauka miya ake kaɗawa. Abu ɗaya ya rage, shi ne rigar kaki mai anini a kafaɗa, kuma rashinta ya hana shi sakat, don soja mai hula da takalmi ba riga ai ɗan dambe ne.

Ana nan sai wani direban motar kasuwa ya kawo bushara cewa an ga rigar a Tungar Ɓaure. Nan take jarumi ya rufe shago a kan rediyoyin jama'a, ya yi sallama da maiɗakinsa Tabawa, wadda ta bi shi da addu'ar Allah Ya shirya, ya haye ingarmansa, wani tsohon babur mai tari, ya doshi arewa da azama da izza. Rabin hanya ingarma ya ɗauke shi, sauran rabin shi ya tura ingarma.

A gonar wani dattijo, Baba Nomau, ya tarar da abin takaici. Ga rigar Kyaftin Barmo, rigar da ta razana maza, an tsire ta a kan sanduna biyu, an kifa mata fasasshiyar tukunya a madadin kai, tana aikin mutum-mutumi a tsakiyar gero. Tsuntsaye jan-baki kuwa sun jeru a kafaɗunta suna hira, suna yi wa aninin kashi. Wallahi sai da Malam Jatau ya yi hawaye.

Ya durƙusa ya gaida mai gona, ya ce, "Baba, ka kuwa san rigar wane ne wannan?"

Baba Nomau ya ce, "Na sani mana. Barmo ya ba tsohona ita tukuicin ƙwaryar hura."

"To ka bar mini ita, don Allah, ko me kake so zan yi."

"Ɗana, ba a sallamar ma'aikaci hatsi na tsaye. In hatsin ga ya shiga rumbu lahiya, ka ɗauki riga. In tsuntsu ya canye shi, nan za ta tsaya har baɗi."

Malam Jatau ya dubi rigar, rana ta toya ta, ruwa ya dake ta, ya tabbatar ba za ta ga wata daminar ba. Ashe ke nan ran rigar yana rataye a zangarniyar geron Baba Nomau. Sai ya naɗe hannun riga, ya kafa sansani a gindin wata aduwa, ya tanadi makamai: majajjawa, da gwangwanaye cike da tsakuwa, da murya.

Kashegari da hantsi abokan gaba suka ɓullo daga gabas, runduna bayan runduna, har suka yi wa rana lulluɓi. Sadauki ya ja daga, ya kaɗa gwangwani, ya yi kururuwa, "Sai ni na Barmo! Haa! Haa!" Suka tashi daga gabas suka sauka yamma. Ya rugo yamma yana tuntuɓe da kunya, suka koma gabas, domin jan-baki gwanayen dabarun yaƙi ne, kuma ba su da ciwon gwiwa. Ya wulwula majajjawa da dukkan ƙarfin da ya gada, dutse ya fita da fushi, ya fasa tukunyar da ke kan rigar. Wannan ce kaɗai asarar rai da aka rubuta a yaƙin.

Haka aka yi ta gumurzu, safe da yamma, har muryarsa ta dushe, rana ta mai da shi kamar gindin tukunya, takalminsa ya buɗe baki. Masu rediyo suka yi ta aike daga gari, bai waiwaya ba. Baba Nomau kuwa, a matsayinsa na babban kwamandan yaƙi, yana kishingiɗe a inuwa yana cin goro, lokaci-lokaci ya ɗaga sanda ya ce, "Ga su can ta kudu, ɗana."

Allah Maji roƙon bawa, gero ya nuna, aka girbe, aka ɗaure dammuna, rumbu ya cika har aka aro na maƙwabci. Jan-baki suka janye a wulaƙance, suka faɗa gonar gaba. Ranar karɓar ganima Malam Jatau ya yi wanka, ya tako gaban rigar da haiba, ya ƙame ya sara mata, sannan ya yi bisimilla ya kama kafaɗunta biyu ya ɗaga.

Ashe gara ta daɗe da cinye cikin, ƙasar da ta gina ce kawai take riƙe da ita. Rigar Kyaftin Barmo ta zube a ƙafafunsa kamar garin tuwo. Abin da ya rage a hannun sadauki shi ne wuyan riga da anini ɗaya mai kashin tsuntsu.

Baba Nomau ya taso ya dubi tarin ƙasar, ya dubi rumbu, ya dafa kafaɗar Malam Jatau.

Ya ce, "Kar ka damu, ɗana, ita dama ko tsuntsu guda ba ta taɓa kora ba. Amma tunda ka kashe min mai gadi, baɗi ka zo da wuri."