Cindo da Sunan Bayan Takarda

A ƙauyen Dogon Marke akwai wani magidanci, Cindo, da matarsa Dije da 'ya'ya uku. A zauren gidansu yayarsa Talatu ta buɗe shagon kwamfuta mai aiki da sola, Cindo ne mai buga mata rubutu. Hannunsa kamar walƙiya, bai taɓa tsallake harafi ba. Matsalarsa ɗaya ce, abin da ka faɗa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Mutane na kiransa wawa, ni kuwa ban ga mai riƙon amana kamarsa ba.

Wata rana Talatu ta koya masa yadda ake sa suna kwance a bayan rubutu, kamar inuwa. Ta ce, "Duk takardar da za ta fita shagon nan, ka sa mata sunana." Ta tafi kasuwa. Sai ga Iya Kande mai ƙosai tana neman tsofaffin takardun ƙunshe ƙosai. Cindo ya ce, "Iya, zauna tukuna." Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana bugawa, har man Iya ya huce a kasko. Ranar kowa a garin da sunan Talatu ya ƙunshi ƙosansa.

Wata rana kuma Alhaji Jatau ya zo buga katin ɗaurin auren ɗansa. Ya dafa ƙirji ya ce, "Bayan katin ya zama daidai da rigar nan tawa." Rigar shuɗiya ce, amma manja ya ɗiga a gabanta. Cindo ya ƙura mata ido, ya yi shafi shuɗi tas, ya ɗora masa tabon manja daidai inda yake, kati ɗari biyu, ga sunan Talatu a baya. Alhaji ya yi faɗa har hularsa ta faɗi. Kunya ta ishi Talatu, ta ce, "Kada in ƙara ganin sunana! Duk wanda ya miƙo hannu ya karɓi takarda, sunansa za ka sa, kuma ya yi dishi-dishi." Cindo ya ce, "To, Yaya."

Wata rana hedimastan firamare ya kawo tambayoyin jarrabawa. Ya ce, "Talatu, in suka fita kafin Litinin, na kai ki gaban dagaci, shagon nan kuma ya rufu." Da shagon nan gidan duka yake ci. Ran Asabar Talatu na gidan suna, sai wani malamin makarantar, Malam Gambo, ya leƙo ya ce hedimasta ya aiko shi ya karɓi kwafi ɗaya a duba kuskure. Cindo ya buga ya miƙa masa. Talatu ta dawo ta ji labari. Ta aika wa Malam Gambo, ya rantse bai taka shagon ba.

Ran Lahadi da hantsi sai ga hedimasta da mutane a bayansa, yana kaɗa takardar da aka kama a hannun ɗalibai. Talatu ta zauna dirshan tana hawaye. Wa zai yarda da shaidar Cindo?

Cindo ya karɓi takardar, ya kai ta bakin ƙofa, ya ɗaga ta saitin rana. Ya ce, "Malam, ai wannan ba tamu ba ce." Hedimasta ya matso ya kanne ido. Can bayan tambayoyin, daga kusurwa zuwa kusurwa, ga suna kwance dishi-dishi: MALAM GAMBO. Aka waiga, Malam Gambon da ke cikin taron ya sulale, har ya bar takalmi ƙafa ɗaya.

Talatu ta share hawaye tana dariya, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ƙanena." Cindo bai ma ji ba. Ya tsinci takalmin, ya haɗa da takardar, ya bi bayan mutumin da gudu yana kira, "Malam, tsaya! Ka manta kayanka!"